Yara 92 a aji ɗaya, kuma an hana ni bulala

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wata makarantar gwamnati da ke bakin garin Garwa. Iyayen yara ne ke biyana, ban yi makarantar horon malamai ba. Bana aka ba ni CE1, wato aji uku na firamare, yara 92, benci 24. In ban riƙe tiyo a hannu ba, ko muryata ba na ji. In na zane biyu ko uku sai a yi tsit, amma in na yi tambaya yara biyar ɗin nan na gaba ne kaɗai ke ɗaga hannu. Makon jiya mahaifin wani yaro ya kawo ƙara, darektan makarantar ya ce kada in sake dukan kowa. Tun ran nan aji ya gagare ni. Kullum da ciwon kai da dasasshiyar murya nake komawa gida. Ya zan yi yaran nan su natsu, su kuma koyi karatu?

Wani malami, daga Garwa

Amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da ladan aiki.

Darekta gata ya yi maka, ko da yake yanzu ba haka kake gani ba. Dokar da ta tsara ilimi a Kamaru, mai lamba 98/004 ta ran 14 ga Afrilu 1998, a sashe na 35 ta hana azabtar da jikin ɗalibi da kowane irin cin zali a makaranta. Kai kuma ƙungiyar iyaye ce ta ɗauke ka, APEE, zama ɗaya ya ishe su su sallame ka in ƙara ta sake zuwa. Hanin bai tsaya kan tiyo ba. Gurfanar da yaro a kan tsakuwa, kamun kunne, tsallen kwaɗo, tsayar da shi a rana, duk suna ciki.

Mu bar doka, mu koma kan wasiƙarka. Ka ce in ka yi duka ana yin tsit, amma biyar ne ke ɗaga hannu. Sauran 87 ɗin sun gane cewa wanda bai buɗe baki ba shi ne ya tsira, kuma idonsu na kan hannunka a lokacin da ya kamata ya kasance a kan allo. Surutun da ya dawo yanzu, yawancinsa daga yara iri biyu yake fitowa: wanda ba shi da abin yi a wannan minti, da wanda bai gane abin da ka faɗa da Faransanci ba, yana tambayar na kusa da shi. Masu neman rigima da gangan, a aji irin naka, da wuya su wuce huɗu zuwa shida. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa maka bai shafi horo ba. Ya shafi yadda kowane hannu a ajin zai kasance da aiki, da yadda yaro zai yi kuskure a gaban mutane ya kuma koma mazauninsa da mutuncinsa.

Ka sani tun yanzu, mako biyu zuwa uku na farko abin zai fi haka muni. Yara na gwada ka ne, su ga ko da gaske aka ajiye tiyon. In ka ɗauko shi ko sau ɗaya a cikin kwanakin nan, ka koya musu cewa maganarka ba ta da nauyi sai da shi. Ka fitar da shi daga makarantar baki ɗaya, kada ka bar shi a bayan ƙofa.

Ka fara da ɗakin, ran Asabar in ba kowa. Benci 24, uku-uku, yara 72 ke nan, saura 20. Kada ka cusa huɗu ko biyar a benci ɗaya don kowa ya samu. Rabin faɗan da kake rabawa daga gwiwar hannu yake tashi, wani ya ture wani yana cikin rubutu. Ka yi layi huɗu na benci shida-shida: ɗaya a jikin bangon dama, ɗaya a na hagu, biyu a haɗe a tsakiya. Hakan zai bar maka hanya biyu, kowace kada ta gaza santimita 60, kuma babu bencin da bai taɓa hanya ba. In ba ka iya isa bencin ƙarshe cikin daƙiƙa biyar, bayan aji ba a hannunka yake ba, yaran da ke can kuwa sun fi ka sanin haka. Ashirin ɗin da suka rage, ƙananan ajin, su zauna a tabarmar roba a gaba, taku biyu manya daga allo don kada wuyansu ya ƙage. Duk ranar Litinin bencin baya ya dawo gaba, sauran su ja baya da ɗaya. Masu tabarma ma a riƙa musanya su da 'yan benci, kada tabarma ta zama wurin 'ya'yan marasa gata. Wanda ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai, shi kam gaba ne wurinsa kullum.

Ka je bencin ƙarshe ka zauna, da ƙarfe takwas, sannan da sha ɗaya, ka dubi rubutunka. Sau da yawa allon ya yi fari da tsufa, ko hasken taga ya kashe rabinsa. Harafi kada ya gaza faɗin yatsa uku a tsayi. Gwangwanin fentin allo ɗaya ya fi maka amfani a kan duk hotunan da za a liƙa a bango.

Yanzu kana da ƙungiya biyar: layi huɗu da tabarma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kowace ƙungiya ka naɗa mata shugabanni biyu, namiji da mace, ka riƙa sauya su bayan mako biyu. Su ne za su faɗa maka wanda bai zo ba, su raba alli, su tattara littattafai. Kiran sunaye 92 ɗaya bayan ɗaya yana cin minti goma na safiya, lokacin da kan yara ya fi ɗaukar karatu. Da shugabanni minti biyu ya isa. Manyan yaran nan 'yan shekara goma sha biyu ko sha uku da suka shiga makaranta a makare, waɗanda yawanci su ke ta da ƙura a baya, su ne na farkon da za ka naɗa. Abu ɗaya ne kada ka ba kowane yaro: rubuta sunayen masu surutu. Aikin nan gaba yake haifarwa, da karɓar cin hancin ƙosai, da dambe a hanyar gida.

Sai alamar shiru, wadda za ta maye gurbin ihunka. Ka tafa sau uku, su amsa da tafi biyu, su ajiye abin da ke hannunsu, su dube ka. Kada ka ɗauka faɗa musu sau ɗaya ya wadatar. Ka koyar da ita kamar darasi: ka ce su yi hira, ka tafa, ka duba agogo, ka rubuta daƙiƙun a kusurwar allo. Ranar farko wataƙila arba'in. Ka ce a sake, a ga ko za a kai talatin. Sau biyar ko shida a rana, har mako guda. Inda ake so a kai shi ne daƙiƙa biyar. Wurin da malamai ke ɓata ta sananne ne. Yara tamanin sun yi shiru, goma sha biyu na magana, malam ya gaji da jira ya fara bayani. Daga ranar alamar ta mutu, don kowa ya ga ana iya ƙin bin ta. Ka tsaya, bakinka a rufe, ka dubi inda maganar ke fitowa, ka taka zuwa wurin in ta kama. In an yi tsit ka fara magana da muryar da ta gaza wadda ka saba. Aji yakan rage hayaniya don ya ji mai magana a hankali, yakan kuma ƙara ta don ya taddo mai ihu. Kada ka yi alamar fiye da sau uku ko huɗu a darasi ɗaya. Kuma kada ka buga sanda a kan tebur a madadinta. Makarantun arewa da yawa na da yaran da rikici ya koro daga yankunan Mayo-Sava ko Mayo-Tsanaga, ƙara ta ba-zata tana firgita su fiye da yadda kake zato.

Kafin yara su shigo da safe da bayan hutu, aiki ya riga ya hau allo: lissafi uku masu sauƙi, ko kalmomi biyar da za a kwafa. Masu sauƙi, na jiya, waɗanda kowa zai iya ba tare da tambaya ba. Ka tsaya a bakin ƙofa, su shigo layi-layi, ka gaida kowa, da sunansa in ka riƙe. Zancen fita fitsari: katako biyu a rataye a ƙusa, na maza da na mata, wanda ya ɗauka ya fita, sai ya dawo wani ya tafi. Dokokin aji kada su wuce huɗu, kuma su faɗi abin da ake yi: mutum ɗaya ke magana, hannunka a jikinka, ba a dariyar mai kuskure, in an tafa a saurara.

Babban makaminka kuwa yana cikin jakar yaran, wato ƙaramin allon rubutu da alli. Hanyar da malaman Faransanci ke kira La Martinière, daga sunan wata makaranta a birnin Liyon na Faransa, kamar don aji irin naka aka ƙirƙiro ta. Alli a ajiye, hannu a kan benci. Ka faɗi tambaya sau biyu, ka ƙirga biyar a zuciyarka, ba mai rubutu tukuna. Ka ƙwanƙwasa tebur da yatsa sau ɗaya, kowa ya rubuta. Ƙwanƙwasa ta biyu, a ajiye alli, a kife allon a ƙirji. Ta uku, kowa ya ɗaga. Ka fara dubawa daga baya, ka taho gaba. Cikin minti goma za ka yi tambaya takwas zuwa goma, yara 92 kowa ya amsa duka, maimakon biyar ɗin gaba.

Amfaninta na gaske yana cikin abin da za ka yi da amsoshin. Ka ce 47 a tara da 8. Wasu za su rubuta 55. Wasu 45, sun manta goman da aka ɗauka. Wasu kuma za su rubuta 415, don sun tara 7 da 8 sun sami 15, suka liƙa ta a gefen 4. Wannan na ƙarshen ba wawa ba ne, ya iya tarawa. Abin da bai gane ba shi ne gurbin ɗaiɗai ba ya ɗaukar lamba biyu. Ka rubuta 415 a babban allo ba tare da kiran sunan kowa ba, ka ce, "Mai wannan amsa me ya yi daidai? Ina ya kauce?" Sannan ka ɗauko karan dawa ɗaure goma-goma, ɗauri huɗu da sili bakwai, ka ƙara takwas, a ɗaure sabon goma a gaban kowa. In kashi uku cikin huɗu na allunan daidai ne, ka wuce, ka riƙe fuskokin sauran don anjima. In rabi sun faɗi, bayanin ne bai shiga ba, ka sake shi ta wata hanya. Ci gaba da darasi a kan rabin aji da bai gane ba shi ke haifar da hayaniyar bayan minti goma.

Abubuwan da ke lalata hanyar ƙanana ne. Amsa mai tsawo: ta zama lamba, ko harafi, ko kalma ɗaya, a rubuta ta babba. Ɗagawa kafin lokaci, don na baya ya kwafa: wanda ya yi haka ka ce kowa ya sauke a sake, sau biyu za a yi su da kansu su hana shi. Rashin alli: ka karya kowane sanda uku, shugabanni su raba su kuma karɓa. Gogewa da yawu ko da riga: kowane benci da tsummansa. Wanda ba shi da allo, guntun falanki ko kwali mai kauri da aka shafa wa fentin nan na babban allo ya isa.

In tambayar baki ce, ka daina zaɓen mai ɗaga hannu. Ka tara marufan kwalba 92, ka rubuta lambar kowane yaro a ciki, ka zuba a gwangwani. Tambaya tukuna, sannan jira, sannan kowa ya faɗa wa na kusa da shi amsarsa, sai a ƙarshe ka zaro marfi. In ka fara da kiran suna, sauran 91 sun huta da tunani. Zancen jira kuwa, wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna shi a farkon shekarun 1970: malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara yi. Waɗancan da harshen gidansu ake tambayarsu. Naka sai sun juya tambayar zuwa Fulatanci ko Hausa, su nemo amsa, su mayar da ita Faransanci. Ka ba su biyar zuwa bakwai. Wanda marfinsa ya fito ya kasa, ka ce, "Saurari abin da za a faɗa, zan dawo gare ka," kuma lalle ka dawo, ya maimaita amsar da bakinsa.

Maimaitawa baki ɗaya tana da wurinta. Yaranmu sun saba da ita daga makarantar allo, kuma tana zaunar da hadda da lafazi. Sai dai a makarantar allo kowa yakan zo ya biya nasa a gaban malam shi kaɗai. A ajin boko wannan rabin ne ake tsallakewa, sai murya casa'in ta rufe wanda leɓe kawai yake motsawa.

Kan harshe, kada ka hukunta yaro don ya yi yaren gidansu. Ɗan CE1 shekara biyu kacal ya yi da Faransanci, a SIL da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, kuma da ya fita ƙofar makaranta ya bar jin sa. Dokar 1998 ɗin nan ma ta sa raya harsunan ƙasa cikin manufofin ilimi. In ka ba da umarni da Faransanci, ka nuna shi a aikace, ka ba da rabin minti kowane benci ya bayyana wa juna da harshen da suka ga dama, sannan wani ya maimaita maka da Faransanci. Wajen raba wurin zama ka lura da yaron da ba ya jin Hausa ko Fulatanci sosai, ɗan Mundang ne, ko Tupuri, ko Mafa, ka haɗa shi da wanda suke jin juna. Kai ma ka kula da bakinka: in raharka kullum da Hausa take, 'ya'yan Hausawa ne kaɗai ke dariya, sauran sun san ajin na waɗansu ne.

Akwai abin da sai ka auna za ka yarda. A cikin 92 ɗin nan akwai waɗanda ko haruffa ba su gama sani ba, kana ba su shafi su karanta. Ka rubuta a takarda ɗaya haruffa goma, gaɓoɓi goma, kalmomi biyar, da jimla biyu gajeru. Yara goma a rana, minti ɗaya kowanne, a lokacin hutu, ba a gaban aji ba; kwana goma ka gama. Za su kasu uku: masu neman haruffa, masu haɗa gaɓa, masu karanta jimla. Ka ware rabin sa'a kullum kowane rukuni ya yi aikin matakinsa. Kai ka zauna da na farko a tabarma, na uku su yi karatu biyu-biyu, na tsakiya su haɗa kalmomi da katunan gaɓa da ka yanka daga kwali, ƙarƙashin wani daga na uku. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa wannan tsari na koyar da yaro daga inda yake, kuma ƙasashen Afirka da dama sun ɗauka. Ka sa wa rukunan sunan tsuntsaye ko itatuwa, ka sake gwajin bayan mako shida, wanda ya ci gaba ya tashi. Za ka tarar biyu ko uku daga cikin masu rigimarka a rukunin farko suke. Sun gwammace a ce musu fitinannu da a gane ba su iya ba.

Dariyar mai kuskure ka kashe ta tun ranar farko, cikin sanyin murya: ka tsai da darasi, ka ce a ajin nan ba a yin haka, ka koma ga yaron ka taimake shi ya ƙarasa. Ka daina karanto maki daga na ɗaya zuwa na kashin baya, balle a yi wa na ƙarshe waƙa. Yabo kuma ya faɗi abin da aka yi. "Kina da ƙoƙari" ba ya koya wa kowa komai. "Kin duba kin ga kin manta goman, kin gyara da kanki" yana koya wa duk wanda ya ji. Wata rana ka sa wani babban yaro ya yi maka zane a takarda, duk sa'ad da namiji ya yi magana, duk sa'ad da mace ta yi. Lissafin yakan ba malamai mamaki.

To, in yaro ya karya doka fa? Dole akwai abin da zai biyo baya, kuma ya zama iri ɗaya ga kowa, kullum. Tabbacin zuwansa ya fi zafinsa aiki. Da farko ka matsa kusa da shi kana ci gaba da darasi, ka ɗora yatsa a kan littafinsa. In bai bari ba, ka sunkuya ka faɗa masa a hankali abin da zai yi, ka wuce, kada ka tsaya kana jiran ya rusuna a gaban abokansa. In ya sake, ya koma wata kujera kusa da teburinka na minti goma, da aikinsa a hannu. Da hutu ku yi magana minti biyu. Wanda ya ɓata abu ya gyara shi, wanda ya zagi wani ya ba shi haƙuri. Sai abin ya maimaitu kwana uku ko huɗu a kai ga iyaye. Dambe mai jini ko makami kuwa kai tsaye wurin darekta. Kada ka kori yaro waje, kasuwa ko bakin kogin Binuwai zai tafi, kuma alhakinsa na wuyanka. Kada ka hukunta aji duka kan laifin mutum uku. Kada ka sa a kwafi jimla sau ɗari, kana mai da rubutu azaba. Abincin hutu ma kada ka hana.

Ga wata dabara da aka fara gwadawa a wani ajin firamare a jihar Kansas ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960, ta kuma dace da ƙungiyoyinka biyar. Ka ce minti goma masu zuwa wasa ne. Duk ƙungiyar da wani nata ya karya doka, ka ja mata layi ɗaya a allo, ba faɗa, ba kiran suna. Duk wadda ba ta wuce layi huɗu ba ta ci, ko da duka biyar ne. Ladan ba na kuɗi ba ne: su fara fita hutu, ko su zaɓi waƙar tashi. Ka fara da minti goma sau ɗaya a rana, ka riƙa ƙarawa. In wani na ɓata wa ƙungiyarsa da gangan, ka mai da shi ƙungiya shi kaɗai na kwana biyu, don kada a far masa a hanya.

Wani sashen hayaniyar jiki ne kawai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa na haura digiri 40, rufin kuma kwano ne. Karatu da lissafi su zo kafin ƙarfe goma, gwargwadon yadda jadawali ya ba ka dama. Bayan hutu a yi na baki, da waƙa, da zane, a ƙarƙashin dogon yaro in akwai. Ɗan shekara takwas ba ya sauraron bayani fiye da minti goma, sai a sauya: rubutu, ko tashi tsaye a miƙe jiki na minti ɗaya. Rubu'in lita ga yaro 92 lita 23 ne, wato jarka biyu ta lita 20 za ta ba kowa sha kusan sau biyu. A sha layi-layi a lokacin da ka sa, kowa da kofinsa ko gorarsa in zai yiwu. Yaron da ke gyangyaɗi da ƙarfe tara, ka taɓa goshinsa, ka tambaye shi ko ya karya, kafin ka kira shi malalaci. Daga damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro ne zargi na farko. Wanda kullum sai an maimaita masa magana, ka tsaya bayansa ka kira sunansa a hankali, ta dama da ta hagu. In bai juyo ba, iyayensa su kai shi asibiti a duba kunnen.

Makararru su shigo shiru su zauna, shugaban layi ya nuna musu inda ake. Duka a bakin ƙofa na koya wa yaro cewa in ya makara gara ya ƙi zuwa. Ka rubuta sunayen da suke maimaituwa, ka bincika dalili: ɗiban ruwa ne, ko tallar koko, ko karatun asuba. In karatun allo ne, ka je da kanka ka gaida malaminsu, ka roƙi alfarmar a sallame su da wuri kaɗan. Da girmamawa ake samun wannan, ba da takarda ba.

Za ka haɗu da iyayen da za su ce, "Malam, ka doka, mu ma da duka muka yi karatu." Kada ka yi musu gardama. Ka ce hukuma ta hana, sannan ka nuna wa uban littafin ɗansa na wata biyu da suka wuce da na yau. Shi kuma mahaifin da ya kawo ƙara, ka same shi a gida bayan la'asar, ka gaishe shi, ka faɗa masa abu ɗaya mai kyau da ɗansa ya yi a makon, na gaskiya. Kowane mako ka yi wa gida biyu irin wannan, ka fara da gidajen masu rigima.

Kada ka ɗauko duka a rana ɗaya. Mako na farko wurin zama, shugabanni, alamar shiru da aikin safe. Na biyu ƙaramin allo da marufan kwalba. Na uku gwajin karatu da wasan ƙungiyoyi. Ka je wa darekta da jerin buƙatu a rubuce, don ya kai gaban APEE: fentin allo, tabarma uku, jarka biyu, kwalin alli. Ka roƙe shi kuma ya bar ka ka zauna safiya ɗaya a bayan ajin malamin da ya fi kowa riƙe yara a makarantar, da takarda a hannunka, kana rubuta abin da yake yi a minti biyar na farko da kuma duk lokacin da ake sauya darasi. Ya sa sunanka cikin masu zuwa ranakun ƙara wa juna sani da ofishin sufeto ke shiryawa. In hali ya samu, ka nemi shiga ENIEG, makarantar horon malaman firamare, ka fito da takardar CAPIEMP, wadda ake nema idan gwamnati za ta ɗauki malaman firamare.

Dasasshiyar muryar kuma, in ta wuce mako uku bayan ka daina ihu, ka je a duba maƙogwaron. Kafin nan ka ajiye gorar ruwa a teburinka, ka goge allo da jiƙaƙƙen tsumma don ƙurar alli, musamman da hunturu.